Zama Wuri Ɗaya Tsautsayi: Martani ga Mai Cewa Tsoho Hutu Kawai Yake Buƙata

Kwanakin baya wani ɗan'uwa marubuci ya fitar da maƙala a kan tsofaffi, ta yi ta yawo a wayoyin mutane har aka turo mini ita sau uku a rana ɗaya. Na karanta ta sau biyu. A karatun farko tausayin da ke cikinta ya taɓa ni. A na biyu kuwa gabana ne ya faɗi, domin na lura irin maganar nan ce mai daɗin ji wadda ɗa mai ƙaunar iyayensa zai ɗauka ya yi aiki da ita, ya cuce su yana ganin biyayya yake yi. Shi ya sa na ga shiru bai kamace ni ba.

Ga abin da malamin ya tsaya a kai, gwargwadon yadda na fahimce shi. A ganinsa, kiran da ake yi wa dattawa su riƙa tattaki, su lura da abin da suke ci, su riƙa miƙe gaɓɓai, yayi ne kawai da aka kwaso daga waje. Ya ce jikin ɗan Adam kamar takalmi yake, yawan takawa ke cinye shi, don haka wanda ya shekara sittin yana fafutuka ba abin da ya rage masa sai hutu. Ya ce hana tsoho abin da ransa ke so zalunci ne, tunda kakanninmu ba su auna gishiri da cokali ba kuma sun yi tsawon rai. Ya ce dattijo mai 'ya'ya da jikoki ya fito yana zagaye unguwa a ƙasa zubar da girma ne, kuma abin kunya ne ga 'ya'yan nasa. Ya ce yoga bautar Hindu ce aka sauya wa riga. Sannan ya rufe da cewa kwana na Allah ne, babu tattakin da zai ƙara wa mutum daƙiƙa ɗaya.

Ban zarge shi da mugun nufi ba. Mutum ne mai kishin martabar dattawa, kuma akwai wuraren da ya faɗi gaskiya, zan nuna su in an zo kansu. Sai dai kyakkyawar niyya ba ta hana magani ya zama guba in aka ba da shi ba daidai ba.

Mu fara da takalmin, domin a kansa ne aka ɗora ginin duka, kuma a nan ne ya karkace. Takalmi mataccen abu ne, abin da ƙasa ta ci a jikinsa ya tafi ke nan. Jiki kuwa rayayye ne, kullum rushewa yake yana sake gini, kuma gaɓar da ake aiki da ita ita yake ginawa. Duk wanda ya taɓa karyewa ya san haka. Ranar da mai ɗori ya kwance karan, ko aka yanke filasta a asibiti, wane hannu ne ke fitowa a rame, a shanye? Wanda ya yi ta aiki, ko wanda ya huta makonni shida? In da hutu ne ke adana gaɓa, ai da hannun da aka ɗaure ne zai fito da ƙarfi.

Ina faɗin wannan da ciwo a raina, don da hannuna a cikin irin wannan kuskure. Lokacin da kawuna ya yi ritaya yana da shekara 60, da ƙafarsa yake zuwa masallaci, da kansa yake duba 'yar gonarsa ta bayan gari. Mu 'ya'ya muka taru muka ce Kawu ya wahala, ya isa haka. Aka sayo kujera mai taushi, aka ba da gonar aro, aka ɗora wa yaro aikin kai shi ko'ina a kan babur. In ya miƙa hannu zai ɗauki buta sai mutum uku su zabura. Ba a yi shekara uku ba tashi daga tabarma ya zame masa aiki, ya koma salla a kan kujera. Muka ce tsufa ne ya zo. Abokinsa da suka yi makaranta tare, wanda bai samu masu yi masa irin wannan gata ba, har yau a keke yake zuwa kasuwa.

Na san labarin mutum biyu ba ya zama hujja, jiki da jiki sun bambanta. To ga hujja. A 1966 a birnin Dallas na Amurka, masu bincike suka kwantar da samari biyar 'yan shekara 20 a gado tsawon mako uku, lafiyarsu ƙalau, ba abin da suke yi sai kwanciya. Da aka tashe su, ƙarfin zuciyarsu da huhunsu wajen aiki ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30 aka sake nemo mutanen nan biyar aka auna su, sun kai hamsin. Abin da aka gani shi ne, kwanciyar mako ukun nan ta fi shekara talatin na tsufa yi musu ɓarna. Aka sa su atisaye na wata shida, sai ƙarfin nasu ya koma daidai inda yake suna 'yan ashirin kafin a kwantar da su. Wannan fa samari ke nan. Da aka yi irin gwajin a kan dattawa masu lafiya 'yan kimanin shekara 67, aka wallafa a 2007, kwana goma kacal a gado ya zaftare musu kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafa. Kwana goma! Mu kuwa shekaru muke zaunar da iyayenmu.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Daga shekara talatin tsokar mutum ke fara raguwa a hankali, kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, in aka haura sittin kuma sai raguwar ta ƙara sauri. Wannan shi ne rabon tsufa, ba mai musunsa. Amma zama yana zuwa ne ya ɗora nasa a kai. Ƙashi ma haka yake, sai yana ɗaukar nauyin jiki yake riƙe ƙwarinsa. Guringuntsin da ke cikin gwiwa ba shi da jijiyoyin jini, daga ruwan gaɓa yake samun abincinsa, kuma sai an matsa shi an saki, kamar soso a cikin ruwa, ruwan ke shiga ya fita. Gwiwar da aka hana motsi don a adana ta, yunwa aka sa mata.

Wataƙila malam ya ce ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wanda ya tsufa lokaci ya ƙure masa. A 1990 likita Maria Fiatarone da abokan aikinta suka ɗauki mutum goma a wani gidan kula da tsofaffi a Boston, mafi ƙanƙantarsu shekara 86, babbansu 96. Aka riƙa sa su ɗaga nauyi da ƙafa, a hankali, ƙarƙashin kulawa, na mako takwas. Tara da suka kammala, ƙarfin ƙafarsu ya ƙaru da kashi 174 cikin ɗari a matsakaici, wato ya kusa ninkawa uku. In tsokar ɗan shekara casa'in tana amsa kira, da wane dalili za mu yanke wa ɗan sittin da biyar hukuncin zama?

Kada a ɗauka maganar ƙarfin ƙafa ta masu son dambe ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum kimanin 684,000 a kowace shekara, kuma waɗanda suka haura sittin su suka fi yawa a ciki. Ba sai an je Turai ba. Unguwa nawa ce ba ta da labarin tsohuwar da ta zame a banɗaki, ƙugu ya karye, aka ce tun da Iya ta faɗi ba ta sake tashi ba? Santsi ne ya kayar da ita, gaskiya ne. Amma ƙafar da ta daɗe ba ta aiki ita ce ta kasa tare ta.

Sai batun kakanni. Malam ya ce ba su san wani motsa jiki ba. Haka ne, ba su san sunan ba, domin rayuwarsu duka shi ne. Fataken da ke tashi daga Kano su nufi Gwanja sayen goro, a ƙasa suke tafiya wata da watanni. Alhazan da suka ratsa Chadi da Sudan zuwa Makka, da yawansu sawu ne ya kai su. Kakarmu ta yi surfe, ta yi daka, ta yi niƙa a dutse, ta ja guga, ta ɗauko itace. Kakanmu ko ya miƙa wa 'ya'ya gandu, ba ya sakin gayaunarsa sai ƙarfi ya ƙare sarai. Yau injin niƙa ya karɓi dutse, famfo ya karɓi guga, babur ya karɓi sawu, waya ta karɓi ziyara. Duk ni'ima ce, ba na fatan a koma wahala. Sai dai wanda aka ɗauke wa aikin da ke riƙe da jikinsa, dole a ba shi madadi. Kuma mu riƙa tunawa, kakannin da muke misali da su waɗanda suka kai gare mu ne. Tsararrakinsu da suka faɗi tun da wuri, aka ce iska ce ta buge su ko an yi musu jifa, ba mu ƙirga su.

Abincinsu kuma, shin shi muke ba iyayenmu yau? Tuwonsu na dawa ne da gero da acha, miyarsu kuka da kuɓewa da yakuwa, ɗanɗanonta daga daddawa. Suna cin wake da gyaɗa da riɗi, suna kwaɗon zogale da rama da tafasa, suna shan nono, suna tsotsar goriba da magarya da ɗinya. Ba su auna gishiri ba domin babu tukunyar da ake jefa wa dunƙule shida a bi da gishiri a kai, alhali gishiri ne kan gaba a kayan haɗin dunƙulen kansa. Ba su san shayi mai cokali huɗu na sukari da safe ba, da farar shinkafa da rana, da taliya da dare, da lemon kwalba a kowane zama. Wanda ya kafa hujja da kakanni, to ya dawo mana da akushinsu gaba ɗaya. Ba a ɗaukar 'yancinsu na ci a bar abin da suke ci.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da baligi zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin dunƙule da burodi da yaji. Gishiri na riƙe ruwa a cikin jini, ruwan ya ƙara matsi a jijiyoyi, jijiyoyin tsoho kuma sun riga sun fara tauri, shi ya sa gishirin da saurayi zai ci ya wuce lafiya yake tayar wa dattijo da hawan jini. Ga shi harshe na dusashewa da shekaru, sai tsoho ya riƙa jin miya salam yana neman ƙari. Hawan jini kuwa ba ya sallama. Mutum na zaune lafiya, sai a wayi gari baki ya karkace, ɓarin jiki ya shanye. Sukari ma haka: kwalbar lemo mai rabin lita, irin mai cikakken zaƙi, tana iya ɗaukar kusan giram 50, wanda shi ne iyakar abin da hukumar ta yarje wa matsakaicin baligi a yini guda. Amma mu in za mu gaida Hajiya, katan muke saukewa a ƙofar ɗakinta, mu tafi muna jin mun kyauta. Wane ne ya zalunce ta: wanda ya rage mata cokali ɗaya, ko wanda ya jibge mata abin da zai kai ta ga allurar kullum?

A nan zan ba malam gaskiyarsa. Akwai masu wuce gona da iri, su hana tsoho komai har ya rame ya rasa sha'awar abinci. Wannan kuskure ne babba, domin ƙarancin ci yana cikin manyan haɗurran tsufa. Haƙori ya zube, ci ya ragu, sai tsoho ya koma koko da shayi, tsoka ta ƙara narkewa. Abin da nake kira gare shi musanya ne: a rage gishiri da sukari da soye-soye, a ƙara abin da ke gina jiki cikin sigar da marar haƙori zai iya ci, irin su faten wake, alale, dafaffen ƙwai, kifi, kunun gyaɗa, fura da nono. A ƙara ganye da 'ya'yan itace, waɗanda hukumar ta ce a samu aƙalla giram 400 a yini. Kuma kada a ce wannan sai mai kuɗi. Na san yadda tsada ta kai, na san gidajen da neman na yau ma aiki ne. Amma zogale a bayan ɗaki yake tsirowa, kuɗin lemon kwalba biyu ya sayi yalo da karas da yankan kankana. Harshe kuma yana sabo, in aka rage gishiri kaɗan-kaɗan, cikin 'yan makonni sai tsohuwar miyar ta zama ita ce ba ta ciyuwa. Mai ciwon ƙoda ko wani ciwo na musamman, shi likitansa ne zai tsara masa.

Yanzu ga girma, wanda ina jin shi ne ainihin abin da ke cin ran malam. Tun yaushe tafiya a ƙasa ta zama ƙasƙanci? Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan ziyarci masallacin Ƙuba ranar Asabar, wani lokaci a kan abin hawa, wani lokaci a ƙasa. Ya tabbata ya yi tsere da Nana A'isha. Akwai dattijon da girmansa ya kai nan? A 1953 likita Jerry Morris ya wallafa binciken da ya yi kan ma'aikatan bas masu hawa biyu a Landan. Direba yana zaune yini guda, kwandasta kuwa yana hawa bene yana sauka yana karɓar kuɗi. Aka tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobi, kuma in ya kama su ya fi saurin kashe su. Mota ɗaya, titi ɗaya, hayaƙi ɗaya, bambancin kujera ce. A tasha kowa ya san direba ya fi kwandasta girma, amma zuciya ba ta san wannan girman ba.

Kuma abin da ake nema ba mai yawa ba ne. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta ce wanda ya kai 65 ya samu aƙalla minti 150 a mako na motsi matsakaici, irin tafiyar da za ta ɗan ɗaga numfashi amma ba ta hana hira ba. Minti 30 ke nan sau biyar, kuma ana iya rarraba shi. Dattijon da masallacinsa ke da nisan minti 5, in ya je ya dawo a salloli biyar, ya yi tafiyar minti 50 bai sa kayan 'yan ƙwallo ba. Taku dubu goman da ake ta yayatawa ma ba wahayi ba ne, daga sunan wata na'urar ƙirga taku da aka sayar a Japan a 1965 ya samo asali. Binciken da Farfesa I-Min Lee ta jami'ar Harvard ta jagoranta, aka wallafa a 2019, ya bi mata kusan 17,000 'yan kimanin shekara 72. Masu taku 4,400 a yini sun fi masu 2,700 ƙarancin mutuwa a tsawon shekarun binciken, amfanin kuma ya ci gaba da ƙaruwa har wajen taku 7,500. Taku 4,400 kimanin kilomita 3 ne kawai a yini duka, har da kai-kawon tsakar gida, da shara, da zuwa Islamiyya, da leƙa maƙwabta. Iyayenmu mata da ba su cika fita ba, su ma ba a bar su a baya ba.

Mai kaifin tunani zai ce, ai mai lafiya ne ke iya tafiya, ba tafiyar ce ta ba shi lafiya ba. Tambaya ce mai kyau, kuma an amsa ta. A wani babban gwaji a Amurka da aka wallafa a 2002, an ɗauki mutum 3,234 da ke dab da kamuwa da ciwon sukari, aka raba su da ƙuri'a, ba da zaɓin kowa ba. Wasu aka ba su maganin metformin, wasu aka ba su ƙwayar da ba magani a ciki, wasu aka sa su gyara ci, su rage ƙiba kaɗan, su yi tafiyar minti 150 a mako. Magani ya rage kamuwa da kashi 31 cikin ɗari. Gyaran ci da tafiya ya rage da kashi 58. A cikin 'yan sittin zuwa sama kuwa, kashi 71. Dattawan da malam ke cewa lokaci ya wuce musu, su suka fi kowa amfana.

Inda malam ya yi gaskiya shi ne haɗarin hanya. Titunanmu ba a bar wa mai tafiya a ƙasa wuri ba, ga babura, ga 'yan A Daidaita Sahu, ga kwata a buɗe, ga zafin bazara da ƙurar hunturu. Wannan dalili ne na zaɓen lokaci da wuri, bayan asuba ko bayan la'asar, a lungu mai natsuwa ko filin makaranta, da takalmi mai kama ƙafa, da sanda in da buƙata. Dalili ne kuma na matsa wa hukuma ta gyara gefen titi. Mai ciwon zuciya, ko mai jin jiri ko ciwon ƙirji in ya motsa, ya fara ganin likita. In akwai abin kunya ga 'ya'ya, to shi ne a ga Baba yana tafiya shi kaɗai, ba ɗa ba jika a gefensa.

Batun yoga, ba zan ɓoye komai ba. Daga Indiya ta fito, kuma tushenta a cuɗe yake da addinin Hindu da falsafarsu. A cikinta akwai kalmomin bauta da ake maimaitawa, akwai jerin motsin da sunansa ma gaisuwar rana. Firaministan Indiya Narendra Modi ne ya kai shawarar da ta sa Majalisar Ɗinkin Duniya a Disamba 2014 ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranarta. Duk mai kishin aƙidarsa, Musulmi ko Kirista, yana da haƙƙin ya yi taka-tsantsan, kuma ni ba zan ce wa kowa ya furta abin da bai san ma'anarsa ba ko ya rusuna wa rana. Malamai ma sun duba lamarin. A Nuwamba 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga saboda abin da ke cikinta na bauta. A Janairu 2009 majalisar malamai ta Indonesiya ta rarrabe: wadda ta ƙunshi al'adun bauta ta haramta, wadda motsa jiki ce zalla ta halatta. Ina ƙara da nawa gargaɗin: wasu salon nata, irin tsayuwa a kan kai da lanƙwasa mai tsanani, haɗari ne ga mai raunin ƙashi ko hawan jini.

To amma don an ƙi ƙunshin, sai a zubar har da abin da kowa ke da haƙƙi a kansa? Miƙa ta wani addini ce? Jan numfashi a hankali mallakar wata ƙasa ce? Abin da ke amfanar tsoho a ciki, likitocin gashin ƙashi a asibitocinmu suna koyar da shi kullum ba tare da wani suna ba: ya dafa bango ya tsaya da ƙafa ɗaya na ɗan lokaci, ya tashi daga kujera ya zauna sau goma ba tare da dafawa ba, ya ɗaga dugadugai ya sauke, ya juya wuya da kafaɗu, ya miƙe baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dattijo ya yi irin wannan horon daidaita tsayuwa da ƙarfafa tsoka aƙalla kwana uku a mako don kauce wa faɗuwa. Wanda sunan yoga ya tsaya masa a rai, ya bar sunan can Indiya inda ya fito, ya kira abinsa miƙa. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a fake da tsoron suna a bar gaɓɓan iyayenmu su sandare.

Saura babbar maganar, ajali. Na yi imani da abin da malam ya yi imani da shi, kwana na Allah ne, ba a ƙara shi ba a rage shi. Sai dai ina tambaya: malam ba ya duba hagu da dama kafin ya tsallaka titi? In zazzaɓi ya kama ɗansa, ba ya nemo magani? Ashe riƙo da sababi bai saɓa wa tawakkali ba, an ma umarce mu da ɗaure raƙumi kafin mu dogara. Me ya sa sai a kan tsoho ne kaɗai za a ajiye igiyar? Ba ƙarin kwana muke nema ba. Muna magana ne kan yadda za a yi kwanakin da aka rubuta. Mutum biyu na iya rasuwa da shekara tamanin cif, ɗaya ya yi goman ƙarshe yana zuwa ɗaurin aure da jana'iza, yana sulhunta dangi, ɗaya ya yi su a kan katifa ana juya shi, gyambon kwanciya na cin bayansa, matarsa da 'ya'yansa mata sun daina barci. Ciwo na iya kwantar da wanda ya yi duk abin da ya dace, wannan jarrabawa ce, mu karɓe ta da haƙuri. Amma kwanciyar da muka jawo da hannunmu, da wane baki za mu kira ta ƙaddara kawai?

Malam yana maganar girma. Ya je ya tambayi dattijon da ake ɗauka a kai banɗaki mene ne girma. Ya tambayi masu jere a kan kujeru a ƙarshen sahu me suka fi kewa. Shari'a ta yi musu sauƙi, ladansu na nan in sha Allahu, amma da yawansu za su ce maka ba abin da suke marmari kamar su sake sa goshi a ƙasa. Salla ibada ce, darajarta ta wuce a kira ta motsa jiki, sai dai da jiki ake yin ta: raka'a 17 na farilla a yini, sujada 34, kowace da durƙusawa da tashi. Mai burin sauke farali kuma, safa da marwa kaɗai ta kai kimanin kilomita 3, ban da ɗawafi da hanyar jifa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙafar da za ta yi wannan aiki, tun a gida ake kiwon ta.

Matsayina ke nan, kuma a kansa na tsaya. Tsoho ya cancanci hutu daga ɗawainiyar ciyar da gida, daga ɗaukar kaya, daga tashin hankalin neman na cefane. Wannan nauyi ne a kanmu, mu sauke masa shi. Amma kada mu haɗa da ƙafafunsa. Mu bar masa butarsa, da 'yar gonarsa, da hanyar masallacinsa. Mu gyara tukunyar gidan duka, kada a ware shi da kwano kamar majinyaci. Mu auna masa jini da sukari a kai a kai, wanda aka ɗora a kan magani kuma kada tattaki ya sa ya ajiye maganinsa.

Da muka gane kuskurenmu, mun koma wurin Kawu. Ranar farko daga ƙofar gida zuwa bakin lungu ya tsaya yana haki, ya ce mu ƙyale shi. Washegari muka sake fita. Sannu ba ta hana zuwa. Bai koma saurayi ba, gwiwar na nan tana yi masa magana in sanyi ya sauko, amma bayan watanni ya tura kujerar nan gefe a sallar asuba, ya yi sujada a ƙasa. Da ya sallame ya daɗe bai ɗago kai ya dubi kowa ba.

Don haka, ɗan'uwana marubuci, na roƙe ka ka sake duba maganarka, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kai kuma mai karatu da Allah ya bar maka mahaifi ko mahaifiya, gobe in gari ya waye kada ka ce su koma su kwanta. Miƙa wa Baba sandarsa, ka rage saurinka, ka jera da shi.